Kwanon da Ake Kai wa Abba

Agege, Legas
14 ga Janairu, 2001

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke lafiya a nan. Ƙafata ta yi sauƙi, da kaina nake zuwa rumfar tuwo yanzu. Ƙanwarka Mastura da mijinta suna gaishe ka, haka ma Kawunka Barau.

Ka dubi rubutun nan da kyau. Ba na Mastura ba ne, ba kuma na mutumin nan mai tebur a bakin gidan waya ba ne. Nawa ne! Tun da ka tafi koyarwa Gambiya na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a bayan masallacin unguwa. Ban gaya maka ba, don kada in kasa ka ji kunya. Malama Bara'atu ce take koya mana. Ranar da ta miƙo mini takardar shaidar gama matakin farko, ina shiga gida na rangaɗa guɗa, har Iya Basira mai ɗakin kusa da namu ta fito da bokitin ruwa, ta ɗauka gobara ce.

Sunanka kawai na kasa rubutawa. Kai ne ɗan fari, bakina bai taɓa kiran sunanka na yanka ba, sai ga shi hannun ma ya ƙi. Kande ƙawata, wadda muke benci ɗaya a aji, ita ta rubuta a bayan ambulan tana yi mini tsiya, wai ashe biro ma tana jin kunya.

Yanzu da babu kowa tsakanina da kai, zan tambaye ka abin da na kasa tambaya a gaban mai tebur. Me kake ci? Wa yake dafa maka? Ana wulaƙanta ka kamar yadda aka yi maka a nan? Ban manta ranar da kwandastan motar danfo ya ga alli a wandonka ba, ya ce ticha ya fara biya kafin ya zauna, duk motar aka yi dariya ina zaune kusa da kai. Ban manta kana tashi daga makaranta ka hau babur ɗin haya kana yin okada har magariba ba.

Kawunka ya ce in ka dawo a watan Oktoba akwai wurinka a rumfarsa ta albasa a kasuwar Mile 12. Ya ce allin ya isa haka.

Ka ba ni amsa da manyan baƙaƙe.

Mahaifiyarka,
Turai


Gambiya
9 ga Fabrairu, 2001

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da ladabi, ina yi miki barka da sauƙin ƙafa. Ni lafiyata ƙalau.

Inna, a tsaye na karanta wasiƙarki, na kasa zama. Na kai wa shugaban makarantarmu, ko da yake ba ya jin Hausa, na ce masa wannan hannun mahaifiyata ne. Washegari da aka taru da safe ya ɗaga ta a gaban ɗalibai ya ce, ga wata uwa a Nijeriya ta koyi rubutu da furfura a kanta, saboda haka kada ya sake jin wani ya ce lissafi ya fi ƙarfinsa. Aka yi ta tafi. Ke aka yi wa, Inna.

Kin tambaya ko ana wulaƙanta ni. Wallahi da kin ga yadda nake a ƙauyen nan na bakin kogi da kin yi wata guɗar. In na wuce dandalin da dattawa suke zama, su suke fara gaishe ni. A masallaci liman yakan jawo ni sahun gaba. Mai kwalekwalen fito ya rantse ba zai karɓi komai daga hannuna ba. Bara 'yan mata da yawa a ajina sun ci jarrabawar lissafi, abin da ba a saba gani ba a nan, aka kwana biyu ana kiɗa. Karo na farko ke nan a rayuwata da nake cewa ni malamin makaranta ne ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Maganar abinci kuwa, ki kwantar da hankalinki. Tun da na zo ban hura wuta ba. Kullum bayan azahar sai ga kwano daga gidan iyayen ɗaya daga cikin ɗalibaina, shinkafa da miyar gyaɗa, ko da kifi. Matan garin ne suka raba kwanaki tsakaninsu, wata tsohuwa mai suna Mba Nyima ce shugabarsu. Har faɗa ake yi in wata ta shiga ranar wata.

Ga abin da nake roƙo. Wa'adina zai ƙare a Oktoba, amma idan kwamitin iyaye ya rubuta yana so in zauna, za a ƙara mini shekara biyu. Sun ce za su rubuta kafin a rufe makaranta da damina. Na ce musu ina da uwa, sai abin da ta ce. Ina son in zauna, Inna. Ki gode mini wa Kawu, amma ina son allin nan.

Ɗanki,
Abdurrahim


Agege
12 ga Maris, 2001

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata ka yi Sallah lafiya. Mu mun yi lafiya, Kawunka ya yanka rago, na soya maka naka na ajiye a mai kamar kana nan.

Na ji daɗin tafin da aka yi mini, har na sa Kande ta maimaita mini wurin. Amma maganar kwano ba ta yi mini daɗi ba. Na kai wa Kawunka Mile 12 ya karanta. Ya cire hula ya ce, "Yaya, wanda ake biya albashi ba ya cin kwanon maƙwabta. Yaron nan yunwa yake ji, yana ɓoye miki ne."

Na ce, "Ai ya ce har faɗa ake a kan ranar."

Ya ce, "To me zai ce? Ke a ina kika taɓa ganin ana kai wa mutum abinci kullum, in ba gidan mutuwa ba ko gidan da maigida ya gudu?"

Abba, ni da nake ciyar da 'yan dako da direbobi tun kana goye, a ce ɗana yana cin abincin tausayi a ƙasar mutane? In ba a biyan ku ne ka gaya mini. Ba zan faɗa wa kowa ba.

Kuma akwai abin da ya fi damuna. Ka yi bayanin abin da ke cikin kwano in ya zo, ba ka faɗi abin da ke cikinsa in zai koma ba. Kada dai fanko kake mayar musu? Shekara ɗaya da rabi? Inna lillahi! Haka na rene ka? Ko Iya Basira in ta kawo mini moyin-moyin ba na mayar mata da farantinta sai da ƙosai ko ɗan goro a ciki. Za su ce ɗan Hausawan nan ba shi da tarbiyya, kuma ni za a zaga.

Alhaji Ladan mai atamfa zai je Banjul, na ba shi jaka ya kawo maka. Akwai sabulu, da magi, da sukari, da ashana, da turare. Daga ranar da ta iso, kada kwano ɗaya ya fita ɗakinka babu komai a ciki. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne.

Maganar zama kuwa, ban yarda ba tukuna. Ba zan bar ka shekara biyu a inda sai an tara maka ba.

Turai


Agege
20 ga Mayu, 2001

Abba,

Assalamu alaikum. Lafiya? Muna nan lafiya, ruwa ya sauka, kwatar gaban rumfa ta cika kamar kullum.

Alhaji Ladan ya dawo tuntuni. Ya ce hannu da hannu ya ba ka jakar, ya ce ka yi ƙiba har da kumatu. Ban yarda da shi ba, Alhaji Ladan ko akuyar da ta kwana uku ba ta ci ba ya gani zai ce ta yi ƙiba. Kullum sai na aiki Mastura ta duba akwatin gidan waya, har ta fara ɓoye mini in ta hango ni.

Fushi kake yi? Ko ba ka da lafiya? Ko rubutuna ne bai karantu ba? Ko layi biyu ne ka aiko.

Turai


Gambiya
6 ga Yuni, 2001

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina neman gafara a kan shirun da na yi. Lafiyata ƙalau, kuma ana biyan mu a kan kari, Allah ne shaidata. Rasa yadda zan rubuta miki na yi.

Na bi umarninki. Kwano na farko na sa sabulu a ciki. Ba a jima ba matar ta dawo da shi, wai na manta kayana. Na ce kyauta ce. Ta dubi sabulun, ta dubi kwanonta, ta juya shi ta duba gindinsa, ta tafi. Daga baya na ji ta yini tana kuka, wai malam ya ce kwanonta da dauɗa. Washegari na sa wa wata magi. Ita kuma aka yi ta yi mata dariya a bakin rijiya, wai malam ya ce miyarta salam. Wadda na sa wa turare ba sai na gaya miki abin da aka ce da ita ba.

Sai ga Mba Nyima da kanta da sandarta, ta zo da matar shugaban makaranta ta yi mana tafinta. Ta ƙi zama. Ta ce, "Malam, mu ba masu sayar da abinci ba ne. Jikata ta shiga ajinka ba ta san komai ba, yau ita take karanta mini takardar asibiti. Don wannan muke dafawa. In ka biya shinkafar, to me ya rage tsakaninmu da kai?"

A nan ya kamata in ba ta haƙuri in yi shiru. Sai na ce mata ai ba ni ba ne, mahaifiyata ce ta umarta, haka ake yi a wurinmu. Na ɗauka hakan zai wanke ni. Sai ta ce, "Ashe uwarsa tana ganin ba mu iya riƙon ɗan mutane ba."

Tun daga ranar kwano bai sake zuwa ba. Ina dafawa da kaina, ba yunwa nake ji ba. Ana gaishe ni kamar da, amma babu mai tsokanata, kuma mai kwalekwale ya fara miƙo hannu. Kwamitin iyaye bai zauna ba. Matan sun ce yaron da hankalin uwarsa bai kwanta ba, ba a riƙe shi.

Ba laifinki nake gani ba, Inna. Abin da kika koya mini daidai ne a Agege. Watakila Kawu ya share mini wurin zama.

Ɗanki,
Abdurrahim


Agege
24 ga Yuni, 2001

Abba,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da kana lafiya. Ni ma lafiya, sai dai ranar da wasiƙarka ta zo tuwona ya yi gudaji, har wani direba ya tambaya ko na canza hannu.

Da farko haushi na ji. Na ce wa Kande, wane irin mutane ne waɗannan, a yi musu alheri su yi fushi? Muna hanyar zuwa aji ne, ina riƙe da kwanon ɗanwake da nake kai wa Malama Bara'atu duk ranar karatu. Kande ta tsaya a tsakiyar hanya, okada har ta kusa kwashe ta. Ta ce, "Turai, wancan na wane ne?"

Na ce, "Na Malama mana."

Ta ce, "In ta cinye me take sa miki a ciki?"

Na ce, "Me kuwa za ta sa? Wanke shi take yi ta ba ni."

Ta ce, "To yau bari in ce mata ta sa miki sabulu."

Na ce, "Ke Kande, ki kiyaye ni! Ai ita malamata ce, ba maƙwabciya ba. Ta buɗe mini ido, in kai mata ɗanwake kuma ta biya ni? Wallahi da na daina zuwa ajin."

Kande sai kallona take tana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na tsaya da kwano a hannu kamar an dasa ni. Abba, ban taɓa ganin an yi wa malamin boko haka a garin nan ba, shi ya sa da ka faɗa ban gane ba. Ban kawo a raina cewa kai ma Malama Bara'atun wasu ne ba.

Yanzu ka saurara. Sauran kayan jakar ka raba wa 'yan uwanka malamai. Ka je gidan Mba Nyima daidai lokacin da ake sauke tukunya. Kada ka riƙe komai a hannu. Ka zauna ka ce yunwa kake ji. In ka cinye ka ce a ƙara maka. Na san kunyarka, ko a gidan Kawunka ba ka taɓa neman ƙari ba, amma wannan karon ka ajiye ta a ƙofar gida.

Sannan ka nemo mai tafinta a karanta mata wannan, kada a rage ko kalma ɗaya:

"Mba Nyima, ni Turai mai tuwo ina gaishe ki da matan garinku. Ni na aiko da sabulun, yaron bai san komai ba. Ban raina kwanonku ba, tsoro ne ya sa ni. A nan an saba yi wa ɗana dariya saboda aikinsa, sai na ɗauka ko'ina haka ne. Ni ma mai dafa wa mutane ce, na san zafin a dubi abincinka a yatsine fuska. Ki yafe mini. In ya yi ba daidai ba ki ja kunnensa, ba sai kin tambaye ni ba."

Alhaji Ladan zai tashi jibi, na ce masa in ya tsaya sayar da atamfa kafin ya kai wannan, ni da shi ne.

Turai


Gambiya
15 ga Yuli, 2001

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da murna! Lafiya lau nake, sai dai cikina bai gama yafe miki ba.

Na je. Na tarar da ita a tsakar gida da surukanta ana kwashe shinkafa. Na yi sallama, aka amsa a daƙile. Na zauna a kan turmi na ce da yarensu, wanda har yanzu bai zauna a bakina ba, "Mba, yunwa nake ji." Ta dube ni ta ce, "Babu sabulu a aljihunka?" Na zazzage mata aljihuna duka biyu. Wata daga cikin surukan ta fashe da dariya ta ruga ɗaki.

Aka zubo mini. Na cinye na ce a ƙara. Inna, da kin ga fuskarta! Ta ƙwala wa maƙwabta kira su zo su ga malam yana neman ƙari. Kafin in gama na biyu gidan ya cika. Wadda na sa wa magi ta je ta ɗebo miyarta ta tsaya a kaina sai na faɗa a gaban jama'a ko da gishiri ko babu. Na ce ta fi ta kowa, sai sauran suka yi mini ca, dole na ɗanɗana ta kowace.

Da aka karanta saƙonki babu wanda ya yi dariya. Da aka zo inda kika ce ana yi mini dariya saboda aikina, Mba Nyima ta sa a maimaita, ta ɗauka tafinta ce ta yi kuskure. Ta ce, "Malami ake yi wa dariya? To wa suke girmamawa?" Sannan ta kama kunnena ta ja, ta ce tunda an ba ta izini bari ta fara.

Yanzu kwano biyu ke zuwa a rana, wai ana biyan na baya. Kwamiti ya zauna, an rubuta takardar, maza sun sa hannu. Amma Mba Nyima ta ce babu macen da za ta dangwala yatsa sai ta ga yardarki da rubutun hannunki, tunda an ce kin iya. Dole takardar ta tafi kafin ƙarshen Agusta.

Ga wani albishir. Wata surukar Mba Nyima ta haihu, mace. Ranar suna liman ya tsaya ya faɗi sunan, sai na ji kamar ban ji daidai ba. Turai aka sa mata. Kin yi takwara a bakin kogin Gambiya, Inna.

Ina jiran abin da za ki ce. Ko me kika ce zan bi.

Ɗanki,
Abdurrahim


Agege
2 ga Agusta, 2001

Abba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata cikinka ya sauka.

Takwara! Ni Turai! Na bar tukunya a wuta na bi layinmu gida gida ina faɗa. Yanzu 'yan dako ba sa ce mini Mama mai tuwo, sai Turai ta Gambiya. Kande ta ce ita ya kamata a yi wa takwarar, tunda ita ta gyara ɓarnar. Na ce ta jira haihuwa ta gaba.

Na je Mile 12 na sami Kawunka a kan buhunan albasa. Na ce ya ba wani wurin nan. Ya ce, "Yaya, shekara biyu fa. Ke ce kullum kike kukan ba ki gan shi ba." Na ce na sani. Ya ce, "To ki bari ya dawo mana, a nan ma ai akwai makarantu." Na ce, "Barau, a nan wa ya taɓa jawo shi sahun gaba?" Ya koma kaɗa ƙuda. Daga baya ya ce in gaishe da Malam. Haka ya faɗa, Malam.

Ba zan ɓoye maka ba, na riga na sa an yi wa ɗakinka fenti saboda Oktoba. Jiya na shiga na zauna a ciki na daɗe. Ina son in gan ka, Abba, fiye da yadda hannuna zai iya rubutawa. Amma ba zan dawo da kai inda za ka riƙa sunkuyar da kai ba don kawai in riƙa ganin ƙeyarka.

Ka nuna wa Mba Nyima wannan layin, na yi shi da manyan baƙaƙe don ta gani da idonta:

NI TURAI NA YARDA ƊANA YA ZAUNA. KU DANGWALA.

Sharaɗina ɗaya, ka zo hutu da babbar Sallah in gan ka, in ga ko Alhaji Ladan gaskiya ya faɗa.

Sai maganar takwarata. Na saya mata riguna da ɗan kunne da zanen goyo, na ɗaure su tun shekaranjiya. Amma ban ba Alhaji Ladan ba. Ka fara tambayo mini Mba Nyima a asirce ko ana yin haka a wurinsu, da abin da ake sawa da abin da ba a sawa. Kayan suna nan a kan gadonka har sai na ji daga gare ka.

Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka daraja a idon mutanen nan.

Mahaifiyarka,
Turai